Gonar Mahadi Ta Cikin Teku

Dayi, farkon damina

Zuwa ga 'yata, Barista Rashida Sama'ila, Abuja.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, masara ta fara leƙowa. Matata Tsohuwa tana fama da gwiwa, ni kuma kunne ya yi nauyi, shi ya sa ban kira ki a waya ba. Ko na kira, ke za ki yi ta maimaitawa ni ina ta cewa na'am, a tashi ba a ƙulla komai ba. Buba direba, mai yin Funtuwa zuwa Abuja, shi zai miƙa miki wannan.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gano ni. Ni ne Jibo na Dayi. Kakarki Inno da mahaifina ɗaki ɗaya suka fito, don haka ni kawunki ne, ko da daɗi ko babu. Rabona da ke tun bikinki a Malumfashi, inda na ci shinkafata na koma gida ban sake damun ki ba. Yau dalili ya kawo ni.

Ɗana Mahadi ya tafi cin rani kudu da daɗewa, bai dawo ba. Ya sauka a wani ƙauyen masunta da mutanenmu ke kira Zangon Gishiri, inda gulbi ke shiga teku. Da dakon kifi ya fara, har ya koyi kiwon karfasa a keji cikin ruwa. Ni dai kejin da na sani na kaji ne, amma duniya ba ta tambaye ni ba. Bara jihar can ta fitar da taswira, ta raba ruwa kamar yadda ake raba gado, ta ce nan na masunta ne. Aka ba Mahadi takarda da hatimi. Yaro ya yi abin da ya ga ubansa yana yi: ya kafa turaku a kusurwa huɗu kamar yadda muke dasa gamba a iyakar gona, ya sa kejinsa a tsakiya. Gonarsa yake ce mata.

Yanzu wasu sun zo a jirgi mai inji, sun ce su na tarayya ne, kuma a tasu taswirar wurin hanyar manyan jirage ce. To wace ce ta gaskiya? Ina yaro, hakimi ya shata burtali ta gabas da rafin garinmu, malamin daji ya zo ya shata nasa ta yamma. Kowannensu ya koma gida ya ci tuwo. Mu da Fulani aka bari da sanduna a hannu. Ban yi zaton zan rayu in ga an kai wannan wasan cikin ruwa ba.

An ce mini ministanku ne ke da ikon duba taswirorin nan ya ce ga wadda za a bi, kuma kina cikin masu rubuta masa shawara. To ga ɗan'uwanki nan, na sa shi a hannunki. Duk abin da yaron nan ya tara yana cikin kejin nan yana iyo.

Kawunki,
Jibo

Abuja

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gane ka tun daga layin farko, mahaifiyata ba ta gajiya da labarinka. Allah Ya ba Inna Tsohuwa sauƙi, Ya sa albarka a damina. Mu ma lafiya lau, sai aiki.

Bari in yi maka bayani a taƙaice. Teku yanzu kamar kasuwar Funtuwa take ranar cinta: ga masu jirage, ga masu haƙar yashi, ga masu mai, ga masunta, kowa yana neman wurin shimfiɗa. Shi ya sa aka yi dokar rabon teku. Kowace jiha ta bakin ruwa tana iya tsara nata rabon, amma kada ya ci karo da babban tsari na ƙasa. In ya ci karo, minista zai duba, ya sa a gyara ko ya soke wurin da ya saɓa. Taswirar jihar su Mahadi ta saɓa a wurare da dama, kuma Zangon Gishiri yana ciki. Fayil ɗin yana ofishinmu, har ya zo teburina, zan duba shi da idon basira kamar yadda nake duba kowanne.

Amma ga abin da ya fi muhimmanci. Doka ba ta yarda minista ya yanke hukunci ba sai an zauna da mutanen wurin. Za a yi wannan zaman a Zangon Gishiri a ƙarshen watan gobe. Ka gaya wa Mahadi ya je da kansa, da takardarsa ta jiha, ya tabbatar an rubuta sunansa da yawan kejinsa. Da abin da aka rubuta a zaman nan za a yi aiki.

Ni ma zan fita rangadin wasu jihohin, zan ɗan jima ban dawo ba. A gaishe mini da mutan gida baki ɗaya.

'Yarka,
Rashida

Dayi, lokacin huɗa

'Yata Rashida,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta, na sa an sake karanta mini a majalisa bayan la'asar don masu cewa zumunci ya mutu su ji. Muna lafiya. Taki ya yi tsada, amma masara ta yi baƙi ƙirin, gwanin sha'awa.

Da na kai inda kika ce fayil yana teburinki, sai na ninke takardar na yi hamdala. Sauran bayanin na gane shi sarai. Kin rubuta maganar zama da jama'a don sauke nauyin aiki, kada wani ya ga takardar ya ce kin yi son kai. Na yaba hankalinki, jinin Inno ne.

Na sa ƙanen Mahadi ya kira mini shi a waya, na gaya masa kada ya je zaman. Ya so ya yi gardama. Ya ce, "Baba, kowa zai je, har mai kwalekwale ɗaya." Na ce, "Su ba su da kowa ne, shi ya sa." Ke ma kin san yadda muke. Wanda ya kai kukansa ga babban ɗan'uwa a cikin gida ba ya sake ɗaukarsa ya kai dandali. In ya kai, ya nuna wa duniya cewa ɗan'uwan bai isa ba. Ba zan bar ɗana ya kunyata ki ba, ya tsaya cikin taro yana ɗaga takarda, ana nuna shi ana cewa ga ɗan'uwan barista can yana roƙo. Na ce masa in ya taka wurin ban yafe ba. Ya ce to.

Na kuma ce ya ƙara zuba 'ya'yan kifi tun da hankali ya kwanta. In sun girma, kason farko naki ne.

Kawunki,
Jibo

Dayi, gab da kaka

Rashida,

Sallama. Zan yi gaisuwa ne don abin da aka koya mini ke nan, ba don raina yana so ba. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma da rai. Gwiwar Tsohuwa ta yi sauƙi, bakinta ne bai yi ba.

Na rubuto miki tun ana huɗa, yau ga masara ta bushe a kara, ko gaisuwa ba ki aiko ba. Na ce wa kaina aiki ne. Sai shekaranjiya Mahadi ya kira, muryarsa kamar ta wanda ya dawo daga maƙabarta. Ministanku ya yanke hukunci. Ya soke rabon jiha a Zangon Gishiri, ya ce ruwan na jirage ne. Waɗanda suka je zama an ba su sabon wuri can cikin gulbi, an kuma ce su bar kejinsu har kifi ya isa kamu. Waɗanda ba su je ba, an ce su kwashe kafin wata ya mutu, ko a kwashe musu. Ɗana yana cikin na biyun. Kifinsa ko tafin hannu bai kai ba.

To ina tambaya, Barista. Teburin nan naki da fayil ya hau, tebur ne ko rijiya?

Bari in gaya miki abin da ya fi ci mini rai. Mahadi ya ce kusa da turakunsa akwai kamfanin haƙar yashi, shi ma da takardar jiha yake aiki, shi ma a kan hanyar jiragen yake. Har yau injinsa yana ruri dare da rana. Ke kika rubuta mini da hannunki cewa aikin minista shi ne ya ga komai ya tafi daidai da tsari ɗaya. Ina daidai ɗin? A kasuwar Bakori, in aka kama mai awo da mudu biyu, babba na saye ƙarami na sayarwa, ba a kai shi kotu. A tsakiyar kasuwa ake taka mudun a lotsa shi, yara suna ihu. Ku kuna zaune cikin sanyin ofis da mudu biyu, kun kira shi doka.

Kuma wa ya ba Mahadi takarda? Sata ya yi? Gwamnati ce ta buga hatimi, gwamnati ce ta zo ta ce hatimin banza ne. Shi da ya buga yana nan a kujerarsa, shi da ya soke yana nan a tasa. An koma gidan jiya ke nan, irin na burtalin garinmu, sai dai wannan karon ba Fulanin da za mu yi faɗa da su, sai jirgi mai tsawon unguwa.

Na karanta takardarki a majalisa, Rashida. Yanzu in na doso, sai a sauya hira. Wani ma ya tambaye ni jiya, fuska ba dariya, wai yaya barista, ko ta gama duba mana tekun?

Abu ɗaya nake nema, kuma ba babba ba ne. Sunayen waɗanda aka ba sabon wuri a takarda suke, takardar kuma a ofishinku take. Ki ɗauki alƙalami ki ƙara suna ɗaya a ƙasa. In ba za ki iya wannan ba, ki gaya mini ƙarara, in san cewa Inno ba ta bar kowa a Abuja ba.

Jibo

Abuja

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, domin ni ma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Jiya na dawo daga rangadi, maigadi ya miƙo mini takardunka biyu a haɗe. Na fara buɗe ta farko. Da na kai inda ka hana Mahadi zuwa zama, sai na zauna a bakin matakala da jakata a hannu. Kawu, da wane harshe zan rubuta? Na ce ya je da kansa. Na ce da abin da aka rubuta a zaman za a yi aiki. Ba ado na yi wa takardar ba, ba kuma tsoron idon wani nake ba. Ita ce kaɗai alfarmar da nake da ita, na ba ka ita, ka ninke ka sa a aljihu. Mutum ya ce maka kowa zai je, ka ɗaure shi da "ban yafe ba". Mahadi magidanci ne, shi ya san ruwan nan, kai ko ganinsa ba ka taɓa yi ba.

Za ka ce me ya hana in kira shi. Washegarin da na amsa maka, na shaida wa shugabana cewa ina da ɗan'uwa a Zangon Gishiri, aka karɓe ɓangaren masunta daga hannuna. Daga ranar ba ni da ikon magana da kowa daga cikinsu. Ɓangaren kamfanin yashi aka bar mini.

Tun da ka kawo maganarsa, ga labarinsa. Da sashen dokar da aka soke takardar Mahadi, da shi aka soke ta kamfanin, rana ɗaya, takarda ɗaya. Ka san abin da na sha kafin a kai ga haka? An kira ni, an aiko mini da manya, an tuna mini cewa akwai ofisoshin da ake kai masu taurin kai su huta. Na ce ko a auna kowa da mudu ɗaya, ko a nemi wani ya rubuta shawarar. Injin da Mahadi yake ji yana ruri ne don kamfanin ya je zama, da lauyoyinsa, aka ba shi wa'adin kwashe kaya kamar yadda aka ba masuntan da suka je.

Yanzu kamfanin ya kai ƙara kotu. Lauyoyinsa suna bin takardun nan layi-layi, suna neman wuri ɗaya da aka yi wa wani alfarma, don su ce minista bai bi doka daidai ba, a rushe hukuncin gaba ɗaya. In na ƙara sunan Mahadi, sun samu. Sabon wurin da aka ba masunta zai tafi, matan da ke bandar kifi a bakin ruwa za su rasa kifin da za su gasa, kamfani ya ci gaba da haƙa. Ka zage ni a kan mudu biyu a saman takarda, a ƙasanta kuma ka miƙo mini naka ka ce in cika shi har ya yi tozo. Ba zan ƙara sunan ba. Ka ce in faɗa ƙarara, na faɗa.

Inda ka yi gaskiya ba zan musa ba. Bai kamata jiha ta raba takardu kafin minista ya ga taswirarta ba. Dokar ta ba shi ikon gyara bayan an yi ɓarna, ba ta tilasta a nuna masa tun farko ba. A kan wannan giɓin nake ta rubutu ana ajiyewa.

Hanya ɗaya ta rage. Doka ta ba wanda bai samu zuwa zama ba damar shigar da koke a ofishinmu na can. Sai ya je da kansa, ya bi layi. Zai iya samun wuri a cikin gulbi, amma ba za a gama kafin wa'adi ba. Kifin bana ya tafi, Kawu. Na rubuta wannan ina kuka, in hakan zai rage maka wani abu.

'Yarka, ko ka so ko ba ka so ba,
Rashida

Dayi, bayan an kai masara gida

Rashida,

Sallama. Muna lafiya, rumbu ya cika, alhamdu lillahi. Takardarki ta zo. Wannan ban kai ta majalisa ba. Ban taɓa zaton jikar Inno za ta yi mini faɗa da tawada ba, amma tun da kika kwaikwayi bakina a ƙarshe, na tabbata jinin ne.

Mahadi ya zo gida. Bai jira an kwashe masa ba, shi ya shiga ruwa ya tumɓuke turakunsa da hannunsa. Kifin kuwa, ya sa mata suka yi masa bandarsa, ya ɗauro a kwali muka kai kasuwar Funtuwa. Wani dillali ya ɗaga ɗaya a rana, ya juya shi, ya ce, "Malam Jibo, wannan kifi ne ko fara?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa kifin gwamnati ne, a bisa doka ya mutu. Mun sayar yadda aka taya.

Na jira yaron nan ya yi mini magana. Na zauna a zaure na ba shi hanya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi amfanin gona, ya ce, "Haka Allah Ya so, Baba." Da ya ɗaga murya da na san abin da zan ce masa. Uwarsa ce ta fanshe shi. Tana tsince wake, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Mairuwa ba, shi ne alƙalin teku." Na ce ta yi mini shiru. Ta ce ai shirun da aka sa ɗanta ya yi ne ya kawo mu nan.

Kada ki ɗauka na sauko. Har gobe ina cewa wanda ya buga hatimin nan ya ci amanar yaron nan, kuma ministan da ke zuwa duba iyaka bayan an yi shuka ba duba ya zo yi ba, ta'aziyya ya zo. Kin ce kina rubutu a kan haka ana ajiyewa. To ki ci gaba da rubutawa har ma'ajiyar ta cika. Kuma da kin ƙara mini layi ɗaya tun farko, kin ce Kawu hannuna a ɗaure yake, da ban yi abin da na yi ba. Ku 'yan boko kuna rubuta abin da kuke nufi kawai, mu kuma an koya mana neman abin da aka bari a baya don kunya. Ban san wanda ya fi wani asara ba.

Na yi alkawarin kason farko naki ne, ga shi nan Buba zai ba ki a ƙullin takarda. Ƙayarsa ta fi namansa yawa, ki ci a hankali, ki ba yara su ɗanɗana su san ɗanɗanon taswira biyu.

Gobe Mahadi zai koma kudu shigar da koken. Ya zo sallama ɗazu, ya tsaya yana jiran ko ina da umarni. Na ce masa ya je da takardarsa, ya shiga layi, ya tsaya har a zo kansa, ya ɗaga murya a rubuta sunansa. In kuma aka tambaye shi ko yana da wani a ma'aikatar, ya ce ba shi da kowa.

Kawunki har yanzu,
Jibo